Ɗinka abin rufa da ƙyallaye ko sayen bargo: wanne za a kai sadaka?

Duk lokacin da hunturu ya matso, mata masu keken ɗinki sukan tambaye ni: su haɗa abin rufa da ƙyallayen atamfa su kai gidan marayu, ko su tara kuɗi su sayo barguna a Kantin Kwari?

Ta fuskar kuɗi, ɗinkin ya fi sauƙi. Bayan Sallah teloli kan zubar da ƙyallaye buhu-buhu, zare da tsohon zanin da za a yi shafi da shi kawai za ki nema. Amma yana cin lokaci: a yanka, a jera launi, a haɗa, sannan a bi tsakiya da ɗinki don kada cikin ya dunƙule in an wanke. Bargon kasuwa kuwa yau ki biya, yau yaro ya lulluɓa, kuma sanyin Disamba da Janairu da ƙarfinsa yake shigowa.

Wajen ƙarko ne nake jinjina wa ɗinkin gida. Atamfar auduga tana jure wanki, in ta yage a yi mata faci. Bargon roba mai arha yakan tsufa da wuri, kuma yana narkewa kusa da wuta, ga shi yara ba a raba su da jin ɗumi. Sai dai a guji maɓalli da duwatsun ado, jarirai na iya haɗiyewa, a kuma wanke kafin a kai.

Mai keke da lokaci, wadda yara ƙalilan za ta kai wa sadakar, ta ɗinka. Ƙungiyar da ke son wadata ɗaruruwan almajirai ko 'yan gudun hijira cikin mako guda, kasuwa ta fi mata.