Sharhi: Lema mai inji (faramoto) da shirinta kafin tashin farko a karkarar Jigawa

Faramoto lema ce ta tashi sama, matuƙi na goye da inji mai farfela a bayansa. Wadda na yi aiki da ita tana ɗauke da injin Moster 185 na kamfanin Vittorazi da ke Italiya. Inji ne mai bugu biyu, irin wanda ake haɗa wa fetur da man inji a tanki ɗaya, ƙarfinsa wajen doki 25, farfelarsa santimita 125. Ta ɓangaren ƙarfi ba ni da ƙorafi. Dutse da Kano duk sun haura mita 400 daga saman teku, kuma idan bazara ta kai zafin digiri 40 iska takan yi sakayau, lema ta yi nawar ɗagawa, gudun da matuƙi zai yi da ƙafa ya ƙaru. Ƙaramin inji a nan wahala ce ga mutum mai jiki.

Firam ɗin kuwa, na wani kamfani ne daban, kuma a nan nake da magana. Haɗa zoben kariya da ke kewaye farfela ba ya cin lokaci, amma ragarsa ta zo a sake. Raga idan ba ta ɗame ba, igiyar birki ko hannun riga na iya zurawa su tarar da farfela. Sai da aka ƙara ɗaure ta. Kayan gyara ma babu su a kasuwa. Fulogi kaɗai ake iya dacewa da shi, bel da fatar kafireta sai an yi odarsu tun da wuri.

Kafin komai a yi gwajin rataya. A ɗaura ƙugiyoyi biyun da ke haɗa kujera da lema a reshe mai ƙarfi, matuƙi ya zauna a kujerar da duk kayansa, a duba yadda injin ya tsaya. Ana so farfela ta ɗan kwanta baya kaɗan. Idan ta kwanta da yawa, injin zai riƙa murɗa mutum gefe yayin tashi. Sai a matsar da maƙalin ƙugiya rami ɗaya, dama da hagu daidai.

Man fa? A bi abin da littafin injin ya faɗa. Idan kashi 2.5 cikin 100 ne, mililita 125 ke nan na man inji mai bugu biyu a lita 5 ta fetur. A haɗa a jarka, a girgiza, a tace, sannan a zuba a tanki. Fetur ɗin 'yan bumburutu a bar wa babur. Wanda aka gauraya da kalanzir ko ruwa ya shiga yana sa inji tari, kuma tarin da za a yi wa dariya a ƙasa, a sama mutuwar inji ne. A lokacin hunturu ƙura na toshe kafireta, don haka a rufe bakin shan iska da leda duk sanda aka ajiye, a kuma tuna a cire. Farfelar katako tana tsukewa idan iska ta bushe, notocinta su saki; kowace fita a bi su da sifana. Haka sifirin ɗin salansa, a ɗaure su da waya, domin duk abin da ya balle farfela zai faɗa wa.

Fili shi ne babban aiki a ƙauye. Gonar da aka girbe tana da faɗi, amma tushiyar dawa da kunya-kunya na kayar da mai gudu da kaya sama da kilo 25 a baya. Tsidau da ƙarangiya na maƙale a igiyoyi, ƙayar bagaruwa kuwa huda yadin take yi. Filin ƙwallon makaranta ko busasshiyar fadama sun fi, muddin babu wayar lantarki ko turken sadarwa a gaba. A kafa gora da ƙyalle don ganin inda iska ta fito. Iska mai tafiyar kilomita 5 zuwa 12 a awa ta wadatar wa sabon hannu. Lokaci kuwa sa'o'i biyun farko bayan fitowar rana, ko dab da magariba. Da rana ta take ƙasa ta yi zafi, guguwa na tashi, kuma tana iya naɗe lema. Kusa da duwatsu irin na Dutse ko Birnin Kudu kada a tashi ta bayan dutse, iskar wurin birkitacciya ce.

A shimfiɗa lema kamar baka, bakinta a sama, tana fuskantar iska. A warware igiyoyi layi-layi, na gaba, wato na A, su kasance a sama, babu ƙulli ko tsinke. A duba ƙugiyoyi sun kulle, maɗauran cinya biyu da na ƙirji sun shiga, hannun lemar ceto, wadda ake jefawa idan babbar ta gaza, yana inda za a kai gare shi, hular kwano a ɗaure. Mantuwa da maɗaurin cinya ta kashe mutane a wannan harka.

Injin a tayar da shi yana goye a baya, ba a ƙasa ba. Yawancin munanan raunuka daga farfela suke, lokacin da totur ya maƙale inji ya zaburo wa mai jan igiya. A murza totur a ga yana komawa da kansa, a gwada maɓallin kashewa, a ɗaga murya a ce kowa ya kauce. Yara za su cika wurin kafin a ankara, sai an sa manya biyu su tsare su nesa. Idan da garken shanu a kusa, a yi magana da makiyayin tukuna.

A sanar da dagaci da 'yan sanda, a nemi izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa (NCAA), a kuma nisanci filayen jirgin Kano da Dutse.

Kayan sun cancanci kuɗinsu ga wanda ya riga ya ƙware wajen sarrafa lema a ƙasa ba tare da inji ba, kuma yana da malami riƙe da rediyo ranar tashin. Wanda bidiyon intanet kaɗai ya kalla, ya dakata da saye.