Makonni goma ina neman gida ta waya

Da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, makonni 10 aka ba ni in tattara in koma. Ban san kowa a can ba, ga iyali, ga kaya, ga yara biyu 'yan makaranta. Hutun da zan ɗauka in je in riƙa bin dillalai lungu-lungu kuwa babu shi. Sai na sauke wata manhajar neman gidaje a wayata, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna. Ba zan kama sunanta ba, domin daga baya na leƙa wasu guda biyu na tarar duk kanwar ja ce, abin yabonsu ɗaya, abin kokensu ma ɗaya.

A daren farko gidajen haya sama da 300 ta zubo mini. Na zaɓi mai ɗaki uku, na sa iyakar abin da aljihuna zai iya ɗauka, sannan na zana da yatsa a kan taswira yankin da ke tsakanin ofis da makarantar da muke so. Nan take suka dawo 26. Aikin da zai ci wa mutum mako biyu yana yawo cikin rana, ga shi ya ƙare kafin in kwanta. Tun daga wannan daren na fara lura da abin da har yanzu shi ne hukuncina a kan manhajar: gwana ce wajen cire maka gidan da bai dace da kai ba. Zaɓen wanda za ka zauna a ciki kuwa ya fi ƙarfinta, ko da yake tana nuna kamar za ta iya.

Taswira ta fi komai yi mini amfani, kuma ba ta cikin manhajar kaɗai ba. Duk gidan da ya kwanta mini sai in ɗauki adireshinsa in kai Google Maps, in duba nisansa da wurin aiki da safe lokacin cunkoso, in sake dubawa da yamma. Inda akwai Street View, wato hotunan titi da Google ya fara ɗauka tun 2007, sai in bi layin kamar mai tafiya a ƙasa. Abu ɗaya da mutane ke mantawa shi ne kowane hoto yana ɗauke da wata da shekarar da aka ɗauke shi, a rubuce a gefe. Na ga layin da hotonsa ya shekara 6. Filin da ke kallon gidan a hoton, yanzu doguwar bene ce ta tare masa iska. Sai kuma Google Earth, wanda ke ba ka damar komawa tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam. Da shi na fasa wani gida mai kyau ƙwarai. A hoton bana unguwa ce shimfiɗe da gidaje, amma da na ja baya shekara 12 sai ga hanyar ruwa ta ratsa daidai inda aka gina rukunin gidajen. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Babu layi ɗaya a cikin tallar da ya ambaci wannan.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu ni da uwargida shi ne zagayen gida ta allo. Ana kafa kyamara a kan ƙafa uku a tsakiyar ɗaki, ta juya ta ɗauki ko'ina, a matsar da ita gaba a sake, har a gama gidan, sannan kwamfuta ta ɗinke hotunan su zama gida guda da za ka shiga ka fita. Kamfanoni irin su Matterport, wanda aka kafa a Amurka a 2011, su suka yaɗa wannan fasaha, annobar korona ta 2020 kuma ta sa dillalai da yawa suka rungume ta, tun da an hana mutane cuɗanya. A ƙasan kowane ɗaki za ka ga 'yan da'irori. Kowace da'ira wuri ne da kyamarar ta tsaya, idan ka taɓa ta sai ka koma can.

Bayan yara sun yi barci sai mu zauna mu biyu, waya a tsakaninmu. Ita kicin take fara dubawa, ni kuwa tagogi. Akwai abin awo a ciki: ka taɓa wannan kusurwa, ka taɓa waccan, ya gaya maka tsawon bango. Muna da wani babban kabad na kaya mai faɗin mita 2 da santimita 40, wanda ba ya shiga kowane ɗaki. Da wannan awon muka cire gidaje 5 ba tare da mun taka ƙafa ba. Ya kuma tona asirin hotunan talla. Masu ɗaukar hoton gida suna amfani da gilashin kyamara mai faɗaɗa gani, su tsaya a kusurwa su ɗauka daga ƙasa-ƙasa, sai ƙaramin falo ya fito kamar zauren taro. Wani falon da muka ɗauka zai ci kujerunmu duka, da muka auna bai kai mita 3 a faɗi ba. Wasu hotunan ma kujerun da labulen da ke ciki da kwamfuta aka dasa su, ɗakin kansa wayam yake.

Akwai gidan da muka ƙwallafa rai a kansa. Mun zagaya shi ta allo ya fi sau 10, har uwargida ta raba wa yara ɗakuna. Da na samu kwana biyu na je garin, shi na fara nufa. Dillalin ya buɗe ƙofa, ina sa ƙafa warin danshi ya tarbe ni, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, amma ya fi shi nauyi. A ɗakin baya bango ɗaya ya fi sauran haske. Na ɗora tafin hannu a kai, sanyi ƙalau, can ƙasa kusa da daɓe kuma fentin ya kumbura yana ɓarewa.

"Yallaɓai, fenti ne bai gama bushewa ba," in ji dillalin.

Na ce, "Malam, tallar nan wata huɗu ke nan da sa ta, kuma da wannan fentin aka yi hoton."

Bai ce komai ba, ya juya yana neman makullin wani ɗaki. A tsaye a wurin na buɗe zagayen a wayata, na ƙirga da'irorin ɗakin. Guda biyu ne, dukansu kusa da ƙofa. Ba a taɓa kai kyamarar ɓangaren da bangon ya lalace ba, kuma daga inda ta tsaya ƙyauren kabad da aka bari a buɗe ya rufe wurin. Na hau sama na murɗa famfon banɗaki, ruwa ya zo siriri kamar zare. Na buɗe taga, ƙarar manyan motoci ta cika ɗakin. Wari, sanyin bango, ƙarfin ruwa, hayaniya: abubuwa huɗu da za su hana mu jin daɗin gidan kullum, kuma babu ɗaya da allo zai iya kawo mini. Na kira uwargida daga bakin ƙofa na gaya mata. Shirun da ta yi ya daɗe a raina, domin ta riga ta tare a gidan a zuciyarta. Wannan illa ce da ban yi tsammani ba: zagayen yana da kyau har yana sa mutum ya so gida kafin ya san shi.

Akwai kuma ƙiyasin farashi da manhajar ke liƙawa a jikin kowane gida, wai abin da ya kamata a biya. Yadda ake yin sa shi ne kwamfuta ta kwatanta gidan da makamantansa na kusa da aka sayar ko aka bayar haya, ta duba girma da yawan ɗakuna da shekarun gini. Inda cinikin gidaje ya yi yawa kuma ana rubuta shi, ƙiyasin kan kusanci gaskiya. Inda bayanai suka yi ƙaranci sai ya zama cinke. Gidan danshin nan da wani lafiyayye a layin bayansa kusan kuɗi ɗaya ta yi musu. Ban yi mamaki sosai ba da na tuna labarin Zillow, babban shafin gidaje na Amurka da ya fara aiki a 2006 da irin wannan ƙiyasi. Kamfanin ya yarda da lissafin kwamfutarsa har ya shiga sayen gidaje da kuɗinsa don ya sayar ya ci riba. A watan Nuwamban 2021 ya rufe wannan sashe bayan ya tafka asara, ya sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa, shugabansa na lokacin Rich Barton kuma ya amsa cewa hasashen farashin gidaje ya fi yadda suka zata wuya. Idan masu tarin bayanai irin wannan sun yi tuntuɓe, ni dai lambar da ke jikin talla mafarin ciniki na ɗauke ta.

Babban kokena shi ne tsaro. A mako na huɗu wani gida ya fito, kyakkyawa, kuɗinsa ƙasa da na maƙwabtansa nesa ba kusa ba. Na tura saƙo, amsa ta zo cikin minti 5: mai gidan ya yi tafiya, mutane da yawa na so, in tura kafin alƙalami a ajiye mini, makulli zai biyo baya. Gaggawar ce ta sa na tsargu. Na ɗauki hoton falon na saka a binciken hoto na Google, sai ga shi a tallar wani gidan sayarwa a wata ƙasa dabam. Na kai ƙara ta cikin manhajar, amma sai da tallar ta kwana 9 kafin a cire ta, kuma Allah kaɗai ya san mutum nawa suka tura kuɗi a tsakani. Abin da ya fi ɓata mini rai, asusun mai tallar a manhajar yana ɗauke da alamar "an tantance". Da na karanta sharuɗɗansu na gane lambar waya da adireshin imel kawai suke tantancewa, ba su duba ko mutum ya mallaki gidan ko an ba shi izinin tallata shi. Wanda bai karanta ba zai ɗauka sun tsaya masa ne. Wannan alama ko dai a gyara ma'anarta ko a cire ta.

Sai ƙananan abubuwa masu cin rai. Gidaje 4 cikin waɗanda na kira an riga an ba da su, an bar tallar don a jawo kira, daga nan a ce "amma akwai wani". Lambata kuma ta yaɗu. Dillalan da ban taɓa tuntuɓa ba suna kirana har cikin dare.

Sa hannu ta intanet bai ba ni wahala ba. Abu ne da ya daɗe da samun gindin zama, Amurka ta yi masa doka tun 2000, Tarayyar Turai ta yi tata a 2014, sai dai kowace ƙasa da irin takardun da ta yarda a sa wa hannu haka, don haka na tambayi lauya tukuna. Shi ya karanta yarjejeniyar, ya nemi ganin takardun mallaka, ya tabbatar sunan da ke kansu shi ne na wanda zai karɓi kuɗi. Ya kuma gargaɗe ni kan wata damfara da ta zama ruwan dare a cinikin gidaje: a yi kutse cikin imel ɗin dillali, a aiko maka da sabuwar lambar asusu ana dab da biya. Saboda haka kafin in tura ko sisi sai da na kira mai gidan ta lambar da ya ba ni hannu da hannu, muka karanta lambar asusun tare.

Gidan da muka kama a ƙarshe yana cikin 26 ɗin farko, amma shi ne na 7 a jerinmu, don hotunansa ba su da kyau. Da waya aka ɗauke su, da yamma, fitila a kashe. Na je ne kawai saboda yana kan hanyata ta dawowa daga gidan danshin. Bango a bushe, ruwa da ƙarfi, maƙwabcin da na tarar a ƙofa ya ce shekara 8 yana layin bai ga ruwa ya shiga gidan kowa ba.

Idan maki ake so, zan ba manhajar 3 cikin 5: cikakken yabo ga tacewa da taswira da awo, ragi kuma saboda alamar tantancewa da tsofaffin tallace-tallace. Zan sake amfani da ita, kuma na riga na nuna wa wani abokin aikina yadda ake ƙirga da'irorin nan a kowane ɗaki. Ranar da muka tare, masu ɗaukar kaya suka tura kabad ɗin jikin bangon da na auna da igiyar awo a ziyarata. Ya shige, da ragowar santimita 6.