Manaja ta tambaye ni ina nake kai man mota

Salamu alaikum mutanen Garwa da Marwa, har da namu na Kuseri can gida Kamaru, ya zafi ya iyali. Akwai abin da ya same ni a wurin aiki kwanakin baya da har yanzu yake cina a rai, gara in amayar da shi in huta.

Kun dai san fikof nake tuƙa wa wani kamfanin yankan ciyawa da gyaran filaye a nan Hiyuston ta Amurka. To wata Litinin da safe ko shayi ban gama sha ba manaja ta aiko kirana, yarinya ce wallahi ba za ta girmi autarmu ba, ta juyo min da fuskar kwamfuta tace kalli nan. Layi layi ne reras, duk ranar da na sha mai, gidan man da na tsaya, ƙarfe nawa, galan nawa, mil nawa motar ta yi, saboda katin da suke ba mu famfo ba ya sakin ko ɗigo sai ka danna lambar da ke kan mitar tafiya. Tace takardar motar nan ta ce mil 19 a galan ɗaya, kai kuma 11 kake yi, ina sauran man yake zuwa? A gaban abokan aikina biyu 'yan Meziko ta faɗi haka, su ma sai suka sunkuyar da kai suna latsa waya.

Ni da furfura a gemu. Wallahi ban taɓa ɗibar musu ko cokali ba, amma sai da gumi ya keto min, don na gane sarai abin da take nufi tun kafin ta rufe baki. Ance mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, to ni ba kaza a aljihuna amma na taso a garin da kowa ya san yadda ake zura tiyo a tanki bayan tasha, a tsotsa da baki a tofar, a cika bido biyu kafin maigida ya idar da sallar asuba. Wannan sanin ne ya sa muryata ta yi rawa, ita kuwa ta ɗauka rashin gaskiya ne.

Da na haɗiye fushin nace mata hajiya, motar nan kullum tana jan tirela da injinan yankan ciyawa da mutum huɗu a ciki, rabin yini muna maƙale a cunkoson hanyar I-10 ana tafiya ana tsayawa, kuma zafin Teksas a watan Agusta ba ya barin mutum ya kashe esi ko da a tsaye yake. Bata yi gardama ba, kuma nan ne abin nasu yake burge ni ko da ina jin haushi. Tace to a gwada, a cire min tirelar a ɗaura wa wani na 'yan kwanaki. Motata ta haura mil 17, ta wancan bawan Allah ta faɗo 11. Ta kira ni tace yi haƙuri, a taƙaice, ba ko zauna ka sha ruwa, ta juya ta ci gaba da aikinta. A gida da an tara dattawa an yi ta ban baki har la'asar, amma kuma a gida da babu wanda zai iya wanke ni, sai dai in dafa Alƙur'ani.

Bari in mayar muku da lissafin irin namu. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, mil kuma kilomita 1.6, kenan mil 19 a galan wajen lita 12 ne a kilomita 100, mil 11 kuwa ya wuce lita 21. Mil 17 ɗin da ta yi babu tirela wajen lita 14 ne, kenan mota ɗaya, direba ɗaya, tirela kawai ta ƙara shan da fiye da rabi.

Ita wannan takarda doka ce a nan, duk sabuwar mota sai an manna mata a gilashi, hukumar kula da muhalli ta EPA ce ke da alhakin lambobin, akwai na cikin gari, na babbar hanya, da na haɗaka. Amma ba a kan titi ake gwajin ba, a cikin ɗaki ake ɗora motar kan wasu ƙarafa masu juyawa tana gudu a wuri ɗaya, babu tirela babu buhu. A 2008 sun gyara tsarin sun saka gudu mai yawa da esi da sanyi don lambar ta matso kusa da gaskiya, duk da haka duk wanda ke aikin ƙarfi da fikof ya san ba zai ga wannan lambar a tankinsa ba. Abin dariyar ma, manyan da aka ƙera don ɗaukar kaya na gaske irin su F-250 da Ram 2500, waɗanda nauyinsu da kaya ya wuce fam 8,500, doka ba ta tilasta a manna musu lambar ba sam, sai ka saya tukuna ka ji a aljihunka. Amma fa in kamfani ya zuzuta lamba aka kama shi yana ji a jikinsa, Hyundai da Kia sun biya tarar dalar Amurka miliyan 100 a 2014 kan haka.

Abin da ke ƙona min rai kullum a hanya shi ne su kansu masu motocin. Mutum ɗaya tal, rigar ofis, kofin gahawa a hannu, yana cikin wata ƙatuwar fikof da sai an taka matakala ake shiga, bayanta wayam ko tsinke babu, fentin bodin ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Ya ƙara mata tsawo ya sa mata tayoyi masu faɗi masu ƙara shan mai, ya bar injin a kunne ya shiga kanti, ya hau titi yana zuba gudu, akwai ma wata hanya kusa da Ostin da doka ta yarda a yi mil 85, wato kilomita 137 a awa. Sannan da galan ya wuce dala 5 a watan Yunin 2022 shi ne kan gaba wajen kuka. Ina kallonsu ina tuna Hilux ɗin kasuwar Pitowa ranar Lahadi, buhunan masara har sun wuce kan direba, awaki a ɗaure a gefe, mata da goyo a sama, yaron mota a maƙale a baya da ƙafa ɗaya.

Kuma ku san babu Hilux a ƙasar nan, na yi ta dubawa har na gaji. Tun 1995 Toyota ta maye gurbinta da Tacoma a kasuwar Amurka, ga kuma wani haraji na kashi 25 cikin 100 da suka ɗora tun 1964 kan irin waɗannan motoci in daga waje aka shigo da su, wai rigimar kaji ce tsakaninsu da Turai ta jawo shi kuma har yau yana nan. Dizal ma a nan yawanci ya fi fetur tsada, ga wani ruwa daban da sai ka riƙa zuba wa sababbin masu dizal don tace hayaƙi, in ya ƙare motar ta ƙi gudu. Akwai wata ƙarama, Ford Maverick mai haɗa fetur da batir, takardarta ta 2022 ta ce mil 37, wajen lita 6 da rabi kenan, amma ƙasa take sosai, ba zan so in ga abin da hanyar Mora zuwa Dabanga za ta yi mata da damina ba.

To Yaya Alhaji, da kai nake yanzu, kayi haƙuri na faɗa a bainar jama'a. Tun bara kake cewa in turo maka fikof ɗin Ford F-150 ta tashar ruwan Duwala saboda ka ganta a bidiyo. Babban tankinta galan 36 ne, lita 136, kuma tun Fabrairun 2024 litar fetur a gidan mai sefa 840 ce, cikawa ɗaya ya haura sefa 114,000. Garwa zuwa Marwa ka dawo, ko da babu kaya kuma ta yi abin da takarda ta ce, lita 50 ne, sefa 42,000 kafin jandarma ya ce maka sannu. Ni a nan in galan yana dala 3 lita ba ta kai sefa 500 ba shi ya sa suke wasa da mai. Na san za ka ce ai akwai zuwa-zuwa, man Najeriya na fasa-ƙwauri da ake sayarwa a kwalba, to tun da Tinubu ya cire tallafi a Mayun 2023 ka fi ni sanin yadda kwalba ta koma, kuma injin nan na kwamfuta ba zai jure man da aka tace da tsumma a mazurari ba, wani ma an sirka shi da kananzir. Ranar da ta kunna fitila ta ƙi tashi, wane bakanike ne a garin zai taɓa ta, kuma kayan gyaran daga ina?

Mu kuma gaskiya sai a hankali. Tambayi duk wani direba a tasha nawa motarka ke sha, zai ce ai ba ta da ci, ko yace jaka ashirin tana kai ni Gidar in dawo, shi kenan ilimin. Allurar mai ta mutu tun zamanin tsohon maigida, mitar tafiya an cire wayarta, taya ba a duba iska sai ta kwanta, filtar iska sai dai a kaɗe ta a jikin bishiya a mayar. Maigida yana zargin direba, direba yana zargin mai kwalba, mai kwalba yana rantsuwa lita ce cif, kuma babu mai takarda ko ɗaya a cikinsu. Wanda yafi bani tsoro shi ne masu kashe inji ko su sa firi a gangaren dutsen nan na hanyar Ngaundere wai suna tattalin mai, da lodi a baya, birki yana ƙauri. Don Allah lita nawa za ka rage da har za ka sayar da rayukan mutum goma sha?

Duk da haka ina kewar mai kwalbar ƙofar gidanmu. A nan famfo ba ya gaisuwa, katinka in babu kuɗi ko ɗigo ba za ka gani ba, kai za ka zuba da hannunka cikin sanyi ko rana, akwai dai tambarin ma'aikatan awo a jikin famfon da ke nuna an gwada shi kuma galan galan ne, wannan kam na yaba. Amma shi wancan zai tambaye ka jikin Inna, ya ƙara maka gyara, in ba ka da shi yace kawo gobe.

Yaya, ga abin da nake roƙo kafin mu sake maganar mota. Ka kai Hilux ɗinka a haɗa wayar mitar nan, ni zan biya. Ka shiga gidan mai ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta kilomita, kaje Marwa da lodin da ka saba ka dawo, ka koma famfon nan dai ka sake cikawa ka rubuta lita nawa ta ci. Ka turo min lambobin biyu ta WhatsApp, amma kai da kanka za ka tsaya a wurin, kar ka aiki yaro. A gaida Inna da su Hajiya, kilishin da aka ce an bayar a kawo min har yau bai iso ba.