Sharhi kan DAMASK, manhajar da ke nuna yadda ƙarfe ke miƙewa daga ciki

DAMASK manhaja ce ta kyauta wadda masu bincike suka fara ginawa a cibiyar Max Planck ta nazarin ƙarfe da ke Düsseldorf, a ƙasar Jamus. Aikinta kwaikwayon abin da ke faruwa a cikin ƙarfe in an ja shi ko an matse shi, tun daga kan ƙwayoyinsa. Na yi aiki da ita a kan alminiyom, kuma a ganina ta cancanci wahalar koyonta.

Ƙarfen da ido ke gani sumul, tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da inda jerin atam ɗinta ya fuskanta. In an ja shi har ya kasa komawa yadda yake, shimfiɗun atam ne suka zame a kan juna, kamar katin karta da aka tura da ɗan yatsa. Zamewar kuwa ba lokaci guda take aukuwa ba, wasu layukan lahani ne ke ratsa ƙwayar sannu a hankali, kamar yadda masana kimiyya Taylor da Orowan da Polanyi suka bayyana a 1934, kowa ta nasa ɓangaren. Alminiyom da jan ƙarfe suna da hanyoyin zamewa 12 a kowace ƙwaya. DAMASK tana lissafa zamewar kowace hanya a kowane ɗigo na samfurin, ta kuma bi yadda ƙarfen ke ƙara tauri yayin da layukan ke sarƙewa.

Abu uku ake ba ta: siffar ƙwayoyin, halin ƙarfen, da irin jan da za a yi masa. Na gina ɗan dunƙule mai ɗigo 32 a kowane gefe, wato ɗigo 32,768, na ja shi ta fuska ɗaya, sannan na buɗe sakamakon a ParaView, manhajar da ke mayar da irin wannan sakamako hoto mai launuka. A nan ta burge ni ƙwarai. Layin da ke nuna ƙarfin ja da miƙewa ya fito lafiya lau, babu gargada, amma cikin dunƙulen wani labari ne daban. Ga ƙwaya ta yi jawur don ta sha miƙewa, ga maƙwabciyarta shuɗiya, da kyar ta motsa. Miƙewar ta taru a wasu zirara da suka ratsa ƙwayoyi da dama a karkace, nauyi kuma ya fi taruwa a bakin iyakoki, musamman inda ƙwayoyi uku suka haɗu. Irin waɗannan wurare ne tsagewa kan so farawa, alhali gwajin ja na yau da kullum matsakaicin lissafi kawai yake ba mutum.

Da na sauya fuskar ƙwayoyin ta koma irin ta fallen da aka murje a inji, sai ƙarfin ya bambanta gwargwadon ɓangaren da aka ja. Wannan ne ke sa bakin gwangwani fitowa da kunnuwa in an lotsa shi daga falle, har sai an datse.

Sai dai ba manhajar danna nan, danna can ba ce. Umarni ake rubutawa, an fi jin daɗinta a kwamfuta mai tsarin Linux, kuma dole mutum ya iya harshen rubuta manhaja na Python ko yaya, domin da shi ake shirya samfuri da tace sakamako. Tana kuma cin lokaci: in ka ninka ɗigon kowane gefe zuwa 64, adadin ya zama 262,144, ninki takwas ke nan. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ana iya sa ta ajiye inda ta tsaya, ta ci gaba daga nan, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai fama da ɗaukewar wuta.

Babban abin lura shi ne lambobin halin ƙarfen. Ko an zuba mata na bogi, hoton zai fito da launuka masu kyau, mutum ya ɗauka ya gano wani abu. Don haka sai an daidaita su da gwajin ja na gaske kafin a yarda da sakamakon. Ɗalibin injiniya da zai fara, ya ɗauki ƙaramin samfurin alminiyom tukuna, ya bar magniziyam sai hannunsa ya faɗa, domin hanyoyin zamewarsa masu sauƙi kaɗan ne, wani ɓangare na ƙwayarsa kuma kan juye ya zama kamar hoton sauran a madubi, abin da ake kira tagwaye.