Resident Evil na 1996 da na 2005: inda faɗa ya karɓe wa tsoro wuri

Ƙanena, ka tambaya me ya sa yayyenku ke cewa gem ɗin tsoro na da sun fi tayar da hankali, alhali kai ka buga Resident Evil 5 daga farko har ƙarshe ko gezau ba ka yi ba. Da gaskiyarka, su ma da tasu. Bari in jera maka guda biyu, duka na kamfanin Capcom, duka kuma Shinji Mikami ne ya jagoranci aikinsu: na farko na 1996, da na huɗu na 2005.

A na farkon, kyamara a kafe take a kusurwar ɗaki. Kana jin nishin abu da jan ƙafarsa, amma ba za ka gan shi ba sai ka sha kwana. Cikin jarumai biyu da za ka zaɓa, in Chris ka ɗauka, abu shida kacal za ka riƙe, Jill kuwa takwas. Makulli ya ci gurbi, ganyen magani ya ci, harsashi ya ci, sai ka tsaya kana lissafi kamar mai cefane da ɗan canji. Ko ajiye inda ka kai ba kyauta ba ne: sai ka sami tafireta, kuma sai da zaren tawada, shi ma ƙidayayye. Na buga shi a wani shagon gem a unguwar Yelwa, nan Garwa, cikin zafin Afrilu, mu biyar a benci ɗaya, manet ɗaya (abin da ake riƙewa a sarrafa gem). Ranar da karnukan nan suka fasa taga suka diro cikin lungu, mai riƙe da manet ya sake ta ta faɗi ƙasa. Shagon ya yi tsit, ba wanda ya miƙa hannu ya ɗauka.

A na huɗun, kyamara ta koma bayan kafaɗar Leon, jarumin da kake sarrafawa, ga jan ɗigon haske yana nuna maka inda harsashi zai sauka. Ka harbi gwiwa, ka matsa ka yi shuri, abokin gaba ya faɗi ya bar maka harsasai ko kuɗi. Ga ɗan kasuwa yana jira, ya sayar maka da bindiga, ya ƙara wa tsohuwar ƙarfi. Tafireta tana nan, amma an cire zaren tawada. A na farko guje wa dodo ne riba, a na huɗu kashe shi ne riba. Wallahi ina son na huɗun, gem ne mai kyau ƙwarai, sai dai bugun zuciyar da yake sa ka na mai dambe ne, ba na wanda aka kulle a gidan da bai sani ba.

Wanda ka buga, na biyar na 2009, shi ya kai abin ƙarshe. An kawo labarin Afirka, da rana tsaka, ga abokiyar aikinka Sheva a gefenka, abokinka ma na iya ɗaukar manet ta biyu. Ina tsoro zai zauna mutum biyu suna hira suna harbi? Dead Space ma haka ya bi: na 2008 kai kaɗai ne cikin jirgin sararin samaniya, na uku a 2013 an ba ka abokin tafiya.

Dalili kuwa kasuwa ce. A 2012 Masachika Kawata, furodusa a Capcom, ya faɗa fili cewa masu sayen gem ɗin tsoro kaɗan ne in aka kwatanta da masu sayen gem ɗin harbi irin su Call of Duty.

Ƙananan kamfanoni ne suka riƙe tsohuwar hanya. Amnesia na 2010 bai ba ka makami ko ɗaya ba, Outlast na 2013 kyamarar hannu kawai ya ba ka, batirinta kuma yana ƙarewa cikin duhu. Capcom ma ya waiwayo a 2017 da Resident Evil 7.

In kana son ka ji abin da yayyenka suka ji, nemi Resident Evil 2 da aka sabunta a 2019. Zaɓi mataki mafi wuya, don a nan aka dawo da zaren tawada. Bari sai bayan isha, gida ya yi shiru, ka sa abin ji a kunne, kai kaɗai. Akwai wani ƙato mai hula da doguwar riga da ke bin ka ɗaki ɗaki a ofishin 'yan sanda, harsashi ba ya kashe shi, kuma takunsa za ka fara ji ta bayan bango kafin ya turo ƙofa.