Fuksiya ko kariya: wace fulawa za ka saka a tukunya a Kano?

Duk wanda ya ga hoton fuksiya a waya sai ransa ya biya. Furenta na reto ƙasa kamar ɗan kunnen amarya, ja a waje, shunayya a ciki. Amma kafin ka zaro kuɗi ka san asalinta. Yawancin ire-irenta, kusan 100, 'yan tsaunukan Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne, inda sanyi da laima ba sa yankewa. Wani Bafaranshe, Charles Plumier, ya raɗa mata sunan a 1703 don tunawa da Leonhart Fuchs, masanin tsirrai na Jamus. Da zafi ya haura digiri 27 sai ta fara kakkaɓe furen tun bai buɗe ba, alhali a Kano watan Afrilu yakan kai 40. Daren Disamba da Janairu zai yi mata daɗi, sai dai iskar hunturu busasshiya ce, tana ƙone bakin ganye, tana kuma kiran ƙananan ƙwarin nan masu saƙa a bayansa. A Jos ko Mambila za a iya gwadawa. A nan kuwa fulawar wata biyu zuwa uku ce.

In ka nace, saya a Nuwamba. Sa ta a tukunyar ƙasa, ka zura wannan cikin wata babba, ka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi don saiwa ta yi sanyi. Hantsi kaɗai za ta gani, kuma kada ƙasar ta bushe ƙayau ko ta yi caɓi. Duk da haka kada ka sa ran ta ga Mayu.

Sauran da ake jerawa a bakin titunan Nasarawa da Bompai ba sa bukatar dogon bayani. Boganbiliya na son rana, amma ta katanga ce, ga ƙaya, kuma ta tsani a taɓa saiwarta. Habiskus, ɗan'uwan yakuwa da rama, sai an shayar da shi kullum a bazara, ƙwari kuma ba sa barinsa. Iksora tana yin ɗorawa muddin ruwan rijiyarka na da kanwa-kanwa.

Zaɓina kariya, wadda masana ke kira Adenium obesum. 'Yar gida ce, tana fitowa da kanta a yankin Sahel har zuwa gabashin Afirka da ƙasar Larabawa. Tana tara ruwa a kumburarren gindinta, shi ya sa in ka yi tafiyar mako biyu ka dawo za ka same ta a tsaye. Abin da ya fi burge ni, da rani take cika da fure, lokacin da komai ya yi fari da ƙura, wani sa'in ma babu ganye ko ɗaya a jikinta sai furen ruwan hoda mai farin ciki.

Tana son rana ta aƙalla awa 6. Haɗa mata ƙasa haka: kashi 2 yashin rafi mai tsakuwa, kashi 1 ƙasar gona, kashi 1 takin shanu da ya ruɓe sarai, da ɗan dakakken gawayi. Tukunyar ƙasa mai faɗi ta fi, da huji uku ko huɗu a gindi. Baƙar roba na dafa saiwa da rana. Bar kumburin gindin a waje, kada ka binne shi, kuma bayan dashe ka yi kwana 5 zuwa 7 kafin ka ba ta ruwa, domin saiwar da ta ji rauni ta warke. A bazara ruwa duk bayan kwana 3 ko 4, da hunturu sau ɗaya a kwana 10 ya isa. Taki rabin ƙaramin cokali na NPK 15-15-15 a tukunya mai faɗin santimita 30, sau ɗaya a wata daga Mayu zuwa Satumba, a gefen tukunya nesa da jikinta. Ruwa ne ajalinta. A Agusta ɗora tukunyar kan bulo, ka janye ta daga ƙarƙashin indararo. Ka kuma sani ruwan jikinta dafi ne, da shi mutanen da suke shafa wa kibiya. Ajiye ta inda yara da awaki ba sa kaiwa, ka wanke hannu bayan ka yi mata aski.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma nan ya kamata ka fi buɗe ido.

Masu tallan iri a Facebook da WhatsApp suna nuna kariya shuɗiya, ko mai launi bakwai a fure ɗaya. Babu kariya shuɗiya, hoto ne aka rina. Hatta masu fure ninki-ninki, waɗanda aka fi haɓakawa a Tailan, irinsu ba ya maimaita uwar. Sai dai a yi musu aure, yadda ake yi wa mangwaro. Haka fuksiyar da ka gani a hoto, da reshe ake yaɗa ta, ƙwayar da za a aiko maka a ƙunshi ba za ta ba ka ita ba. Irin kariya ma in ya tsufa ba ya fita, sabo kuwa cikin mako guda yake tsirowa.

A lambu, damfarar da ta fi yawa ita ce reshen da aka yanko da furensa aka soka a leda da safe. Ɗaga ledar ka duba hujin ƙasa ko saiwa ta leƙo, sannan ka ɗan girgiza tsiron. Mai saiwa yana motsi tare da ƙasarsa, na bogi shi kaɗai yake rawa. Kada ka ji nauyin cewa, “Malam, ɗan yaga min ledar in ga saiwa.” Mai gaskiya zai yaga. Sannan ka tone ƙasar wuyan kariyar da yatsa ka latsa gindin. Lafiyayye tauri gare shi. In ya lotsa, ko ya yi duhu, ko yana wari, ruɓa ta kama shi, kuma sau da yawa shi ya sa aka tula ƙasa aka rufe wurin. Wadda aka shuka daga ƙwaya tun tana ƙarama gindinta a kumbure yake, ta reshe kuwa santala ce, sai ta shekara da shekaru kafin ta yi kauri, don haka kada a karɓi kuɗin ta farko a ba ka ta biyu. In an ce 'yar aure ce, nemi tabon haɗin a jikin reshe, kuma ka saye ta da fure a buɗe, kada ka yarda da “ja ce wallahi”.

Duba hammatar ganye da bayansa. Farin abu mai danƙo ƙwaro ne mai tsotsar ruwan tsiro, kuma zai bazu zuwa sauran tukwanenka. Sabuwar fulawa ta zauna ita kaɗai mako 2. In ƙwaron ya bayyana, zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya ta ruwa, ka fesa da yamma sau ɗaya a mako har sau 3. Ƙasar da ta zo da ita a leda kuwa, in laka ce mai kama hannu, kakkaɓe ta gaba ɗaya kafin dashe, domin ita ce ke riƙe ruwa a saiwa ko da ka zuba yashi a kewaye.