45,500 na ba wani ɗan damfara ya turo min dusa a roba

Jama'a yau dai sai na faɗa, wanda zai yi dariya ya yi. Naira 45,500, kuɗin riɗin da na sayar a kasuwar Gujungu, na ɗauka da hannuna na tura wa wani mutum da ko fuskarsa ban taɓa gani ba sai a bidiyo, wai mai maganin hanji. 45,500 fa. Har yanzu in na kwanta sai lissafin ya dawo min, 18,500 na farko, 27,000 na biyu.

Kuma kar wani ya zo yana ce min ai wauta ce, ni malamin firamare ne shekara da shekaru, ba yau na fara riƙe waya ba, masu kira su ce ka ci gasa ko BVN ɗinka ya samu matsala ni nake gargaɗin mutanen garinmu a kansu. Amma wanda bai yi shekara huɗu da wannan cikin ba ba zai gane ba. Yau maƙarƙashiya kwana uku ba ka zaga ba, jibi kuma zawo, ciki ya kumbura kamar ganga ana sallah kana jin kunyar na kusa da kai saboda ƙugi. Na sha maganin olsa, na sha na taifot, na sha na basir wajen masu lasifika ranar kasuwa, duk a banza.

A Facebook na ga tallarsa na yi masa magana ta WhatsApp, sai ya turo boyis. Wannan boyis ɗin shi ya ci ni wallahi. Da murya a sanyaye ya ce "Malam, in ka zaga murɗar tana lafawa ko? Kuma in ranka ya ɓaci ta fi tashi?" Ina zaune a gindin darbejiyar makaranta na saurara ya fi sau biyar, don ban gaya masa wannan ba, ban taɓa gaya wa kowa ba. Ya ce ba olsa ba ce, hanjinka ne ke buƙatar harza, faiba inji shi. Abin haushin ma ashe a nan gaskiya ya faɗa, da gaskiyar ya ɗaure ni. In ka zaga tana lafawa ko. To ya za a yi in ƙi yarda? Na tura masa 18,500 ya turo min robar magani ta farko.

Inna ce ta tona abin, amma wannan sai a roba ta biyu. Tsaya ma, kafin nan sai da na kira shi ina kuka da cikin, kwana na uku kenan da fara na farkon, cokali uku safe uku dare kamar yadda ya ce, ciki ya ƙara kumbura ga iska ga murɗa, da asuba na zaga ya kai sau shida har ban je makaranta ba. Ya ce alhamdulillah Malam ai dattin shekaru ne ke fita, kar ka tsaya, sai ka ɗora da mai lamba biyu wanda ake kawowa daga Indiya shi ke rufe aikin gaba ɗaya ba za ka ƙara ciwo ba har abada. 27,000. Na hau mashin na je wajen mai POS na tura, har ina yi masa godiya. Ban ma sa 1,500 ɗin direban da ya kawo saƙon daga Kano a lissafi ba, sau biyu.

To ranar da ta biyun ta iso na buɗe a tsakar gida, Inna ta miƙo hannu ta ɗiba ta murza ta shinshina ta ce "Kai, wannan ai dusar alkama ce, irin wadda ake jiƙa wa tumaki." Ta ƙara dubawa ta ga ɗan kore-kore a ciki ta ce ga filasko nan ma an daka, shi ke sa ka gudu. Matata ta juya baya tana gyara murhu, na san dariya take. Robar ba lambar NAFDAC, ba adireshi, takarda ce kawai aka liƙa da hoton hanji. Ni da nake koya wa yara karatu ban karanta ba.

Sai bayan nan na je asibiti a Dutse, abin da ya kamata in yi tun farko. Likita ya yi tambayoyi, aka yi gwaji, ya ce abin da ke damuna sunansa IBS, wato matsalar hanji mai kawo murɗa da kumburi da maƙarƙashiya ko zawo, ba a warkar da shi da roba ɗaya, lallaɓa shi ake. Ya ce harza iri biyu ce, akwai mai narkewa a ruwa ta yi yauƙi kamar ta kuɓewa ko garin ispaghula da ake samu a kemis, ita ce ke taimakawa, akwai kuma mai kaushi irin ta dusar alkama wadda ga mai irin cikina sau da yawa ƙara kumburi da murɗa take. Kuma ko mai kyaun ma kaɗan-kaɗan ake farawa ana shan ruwa sosai, ba cokali shida rana ɗaya ba. Ya ce in lura da wake da albasa in ga ko suna tayar min. Katin da maganin duka bai kai rabin 18,500 ba.

Na koma wa mutumin na ce dusa ka sayar min, ya karanta, ya yi bulokin ɗina. Da layin ƙanena na gwada ya ɗauka yana jin muryata ya kashe. Sikirinshot na transfa biyun da boyis ɗin duk suna nan, zan ɗora su in na samu caji, wayar ta kusa mutuwa.

Duk wanda ya ce zai warkar maka da hanji har abada kar ka tura. In kana ganin jini a bayan gida ko kana ramewa tafi asibiti kawai.

Robar ta biyu tana nan a kan taga ko rabi ban sha ba. Na ce a zuba wa tumaki Inna ta ce a'a, da filasko a ciki, tumakinta ba su yi mata laifin komai ba. 45,500.